Zanen Teburin Baba Iliya

Dauda, Hannatu, da kai Bitrus auta, wannan babin naku ne ku uku, don akwai maganar da kuka taso da ita a karkace, kuma ni ce na bar ku da ita haka. Kun san kakanku Iliya kuku ne, kun san ya taɓa zuwa Amurka a jirgin ruwa yana saurayi, an kuma gaya muku rawar hannu ce ta sa ya daina shirya tebur ranar Lahadi. Rawar hannun gaskiya ce, amma sai da ya yi shekara talatin da dainawa kafin ta same shi. Ni na hana shi. Hannatu ta ga ƙarshen abin da idonta, amma farkonsa ko ita ba ta sani ba, saboda haka ku yi haƙuri in ɗauko muku shi daga tushe.

Gidan da na girma a unguwar Bagadaza, cikin garin Gombe, gidan haya ne, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya. Akwai mu Tangale, akwai wasu Tera, akwai Malam Sani mai kanti da ya zo daga Katsina da iyalinsa. Kowa a tabarma yake cin abinci, mu ma haka, kwana shida a mako. Amma ranar Lahadi in mun dawo daga coci, Baba zai fito da teburinsa ƙarƙashin darbejiya, ya ɗauko farin zanen tebur wanda ya sha sitaci da guga, ya shimfiɗa. Sai ya tsoma yatsunsa a kwanon ruwa ya yayyafa wa zanen, ya bi shi da tafin hannu yana shafawa har ya lafe a jikin katako. Bayan nan ne zai jera farantan tangaran, cokali a nan, wuƙa a can, kofi a gaba, duk don tuwon masara da miyar kuka. Mu yara mu zauna a miƙe kamar an kafa mu, gwiwar hannunmu tana jin sanyin zanen. Unguwa kuwa ta daɗe da laƙaba masa suna Iliya Jirgi. Malam Sani ba ya wucewa bai tsokane shi ba.

"Kyaftin, yau ina muka nufa?"

"Ikko tukuna, Malam. Ka riƙe hularka, akwai iska a gaba."

Su yi dariya, Baba ya juyo gare mu, labarin jirgi ya tashi. Ba ya canja shi, ba ya kuma gajiya da shi. Yana saurayi ya yi wa wani likita Ba'amurke aikin kuku a asibitin mishan can ƙasarmu ta Tangale. Da lokacin hutun likitan ya zo, matarsa tana da ciki ga yara uku ƙanana, sai suka ce Iliya ya raka su ya riƙa lura da yaran. Babbar mota ta kai su Jos, jirgin ƙasa ya kai su Ikko, wani jirgin ruwa na kaya ya kai su Ingila. A can ne suka shiga abin da Baba yake kira jirginmu. Ya ce da ya tsaya a gabansa ya ɗaga kai sai da hularsa ta faɗi. Bututun hayaƙi biyu, ja da fari da shuɗi, kowanne ya fi cocinmu girma. Ya ce a cikinsa akwai tafkin wanka, akwai ɗakin silima, akwai tituna da mutum zai ɓata a ciki. Ya ce saboda tsoron gobara babu katako a jirgin sai fiyanon da ake kiɗa da shi da gungumen da ake sara nama a kai, kuma shi da hannunsa ya taɓa gungumen. Mu da babban ruwan da muka sani shi ne kogin Dadin Kowa, in ya ce tafki a cikin jirgi, jirgi kuma a cikin ruwa, sai mu kalli juna.

Kwana biyu da tashinsu teku ta hargitse. Likita da matarsa da yaran duk jiri da amai suka kwantar da su, shi kuwa Baba ko gezau. Zaman banza ya ishe shi, ya bi ƙamshin girki har ɗakin cin abinci, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon masu hidima. Cikinsu akwai wani dattijo baƙar fata ɗan Amurka, Baba yana kiransa Tsoho Wili. Dattijon ya gan shi, ya yafito shi, ya tambaye shi daga ina, ya sa ya faɗi wata magana da yarenmu, ya tsaya yana saurare idonsa ya kawo ruwa. Daga nan ya miƙa masa kwanon ruwa ya nuna masa yadda ake jiƙa zanen tebur in teku ta tashi. Sauran kwanakin tafiyar a gefen Tsoho Wili Baba ya yi su, yana koyon jera cokula da naɗe adiko. A nan labarin yake tsayawa kullum, da isarsu tashar jiragen ruwa ta Amurka, ga dogayen gine-gine. Ba mu taɓa tambayarsa me ya faru bayan nan ba, domin a lokacin tuwo ya riga ya huce.

Yanzu ga laifina. Na gama kwalejin horon malamai, na kama aiki, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro boko. Marigayi babanku Yohanna ya ce zai turo manyansa su gaida iyayena. Danginsa mutanen ofis ne, wansa Markus hedimasta ne, irin wanda in ya yi gyaran murya yara ke tsayawa a titi. Na roƙi Mama ta ce wa Baba a shimfiɗa tabarma kamar kowane gida, ta ce in je in faɗa masa da bakina, ban kuwa iya ba. Tun asuba ya fito da tebur, ya ari kujeru a maƙwabta, ya goge cokula har suna ɗaukar ido. Baƙi suka zo suka zauna. Hedimasta Markus cikin babbar riga ta shuɗiyar shadda ya ɗora hannu a kan tebur, sai ya janye da sauri yana duba hannun rigarsa.

"Ashsha, ruwa ya zube a nan."

"Ba zubewa ya yi ba, ranka ya daɗe," in ji Baba, fuskarsa cike da murna. "Haka muke yi a jirgi, in teku ta tashi."

"Wane jirgi kuma?"

Baba ya fara, da bututun hayaƙi da tafkin wanka da komai. Hedimasta ya saurara kaɗan, ya dubi 'yan'uwansa ya ce, "To, Allah ya tsare mu da igiyar ruwan Bagadaza." Aka fashe da dariya. Daidai lokacin na fito da kwanon miya, kuma dariyar ta shige ni har ƙashi. Na ajiye kwanon a ƙasa, na kwashe farantan ɗaya bayan ɗaya, na yaye zanen na dunƙule shi a hammata. Sannan na buɗe baki a gaban surukaina na ce:

"Ku yi haƙuri, tatsuniyar Baba ce. Mu ma haka muka taso muna jin ta."

Ina tuna hannuwan Baba biyu suna riƙe da gefen teburin a lokacin. Ya dube ni, ya saki teburin, ya koma ya zauna. Aka ci abinci a kan tsurar katako, aka yi maganar aure, aka tashi lafiya. Da yamma ya wanke zanen da kansa, ya shanya, ya goge, ya ninke ya sa a akwatinsa na ƙarfe. Lahadi mai zuwa muka dawo daga coci muka tarar ya shimfiɗa tabarma. Malam Sani ya wuce ya ce Kyaftin yau ina muka nufa, Baba ya ce, "Muna gida, Malam." Tun daga ranar ban sake jin kalmar jirgi a bakinsa ba.

Mama ce ta kira ni bayan kwana biyu, tana tsince shinkafa, ko kallona ba ta yi.

"Kin san me ya sa yake jiƙa zanen nan kowace Lahadi?"

Na ce ban sani ba.

"Tsohon nan na jirgi ya ce masa, Iliya, hannunka na aikin nan ne, in ka dawo ka neme ni. Turawan kuma duk bayan shekara huɗu suke tafiya hutu. Shekara huɗu babanki ya yi yana gwaji a teburin Likita don kada hannunsa ya manta. Da lokacin ya yi, Likita ya ce masa yanzu ta Kano za su bi a jirgin sama, tafiyar kwana ɗaya, ba a bukatar mai lura da yara. Shi ya ɗora musu kaya a mota, ya ɗaga musu hannu. A shekarar ya aure ni. Jirgin sama ne ya yi mini dalilin miji, ba na ɓoyewa. Ranar Lahadin nan kaɗai ta rage masa, ke kuma kin zo kin kwashe."

Na yi kuka, amma girman kai bai bar ni na je wurinsa ba sai bayan na haifi Dauda. Na durƙusa na ce Baba na yi maka laifi. Ya ce, "Wane laifi? Ai ya wuce, Rifkatu, tashi." Na sake gwadawa sau da yawa cikin shekaru. In na ce ya ba jikokinsa labarin jirgi, sai ya ce ya manta, ko ya tambaye ni farashin masara. Bai taɓa ɗaure mini fuska ba, bai taɓa rage mini komai ba. Ya yafe, na yarda ya yafe, amma zanen bai fito ba, ni kuma zanen nake so in gani. Shekara arba'in ina jin kewar sanyin nan a gwiwar hannuna.

Shekarar da nake son ku riƙe ita ce wadda Mama ta rasu. Baba ya haura casa'in, ido ya yi rauni, hannu yana rawa, ba zai iya zama shi kaɗai ba, sai na ɗauko shi zuwa gidana a unguwar Barunde. Hannatu ta ɗauki hutu daga asibitin da take aikin jinya ta zo ta taya ni shirya masa ɗaki. Ita ta buɗe akwatin ƙarfen don ta shanya kayan ciki. Zanen yana can ƙasa, layin ninkinsa ya yi ruwan ƙasa. Da ta warware shi sai wata takarda mai kauri ta faɗo, takardar jerin abincin jirgi ce da Turanci, ga hoton jirgin a bangonta da bututu biyu, ga sunansa a rubuce. Ban taɓa ganinta ba. Hannatu ta zauna a bakin gado ta buga sunan a wayarta.

"Momi, jirgin nan fa da gaske ne. Wai a zamaninsa babu wanda ya kai shi gudu. Kin ga, har maganar fiyano ɗin ga ta nan, yadda kika ce Kaka yana faɗa."

Ta riƙa karantawa tana mayar mini da Hausa. Abin da ya sami Baba shi ya sami jiragen. Da jirgin sama ya kwashe fasinjoji, manyan jiragen ruwan Amurka suka riƙa tsayawa ɗaya bayan ɗaya. Wasu an sayar da su an canja musu suna, wasu 'yan gwangwan na wasu ƙasashe sun yayyanka su, wani ya kife a gaɓar wani tsibiri ya rabe biyu. Na Baba kuwa an ɗaure shi a bakin ruwa tun kafin a haifi Hannatu, an yi gwanjon kujerunsa da farantansa, an kwashe cikinsa tas. Sannan ta nuna mini bidiyo. Ga shi nan, tsatsa ta cinye shi, jan fentin bututun ya koɗe, wani ƙaramin jirgi yana jansa da igiya kamar tsohuwar saniya. Wai za a kai shi a nutsar, ya zama gidan kifi.

"Momi, kada ki nuna masa. Don Allah. Kin san hawan jininsa, ga Kaka Mama ko wata biyu ba ta yi da rasuwa ba."

Dauda ma da muka yi waya haka ya ce. Na yi kwana uku ina juya maganar. Na gaya wa kaina ai haƙƙinsa ne ya sani, ai zai ji daɗi duniya ta shaida gaskiyarsa. Amma tun da na ce zan gyara magana, bari in gyara ta duka: don kaina na nuna masa. Na ga ƙarfinsa yana raguwa kullum, na ji tsoron a binne shi da labarin a bakinsa, ni kuma in ƙare rayuwata a matsayin wadda ta rufe shi. Na ɗauka in ya ga jirgin dole ya yi magana.

Da safe bayan ya sha kunu, yana zaune a baranda, na durƙusa na ce Baba, mun ga takardar jirginku, kuma ga shi a waya. Ya gyara tabarau ya kawo wayar dab da idonsa. Ya kalla har ƙarshe, ya ce a mayar, ya sake kallo, ya ce a ƙara mayarwa.

"Ina hayaƙi?"

"Ba ya tafiya da kansa, Baba. Jansa ake yi."

"Teburan fa?"

"An sayar tun da daɗewa."

Ya riƙe wayar a cinyarsa. Can ya ce, a hankali, "Da ina ce yana can yana kai da kawowa." Ya miƙo mini wayar ya ce na gode, ya nemi sandarsa ya shige ɗaki. A nan na gane abin da na yi. Duk shekarun nan da bakinsa yake rufe, jirgin yana tafiya a ransa, fitilu a kunne, Tsoho Wili yana jera cokula. Da na hana shi faɗa, yanzu kuma na zo na kashe masa shi. Kwana uku yana tura abinci gefe. Hannatu ba ta ce mini ai na gaya miki ba, amma yadda take dangwarar da abin awon jini a kan tebur ya ishe ni jawabi.

Ranar Lahadi bai bi mu coci ba. Ni ban ji ko kalma ɗaya daga wa'azin fasto ba. Da muka dawo muka tarar da shi a falo cikin farar taguwarsa, ya ɓalla maɓallai har wuya.

"Rifkatu, ɗauko zanen. Hannatu, kawo ruwa a kwano, da farantan tangaran, ba na roba ba."

Muka ɗauko duk abin da ya ce. Hannatu ta tallafe shi ya miƙe a gaban teburin cin abinci. Ya shimfiɗa zanen, ya tsoma yatsu a ruwa, hannun yana rawa ruwan yana watsuwa ko'ina. Ya ce yau dai rawar hannun nan ta yi amfani. Ya shafa zanen har ya lafe, ya jera faranti uku, cokali a nan, wuƙa a can, ya cika kofi da ruwa ya ajiye a tsakiya. Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Sannan ya nuna mini ɗaya gefen teburin.

"Kama nan ki ɗaga."

"Baba, za su zame su fashe."

"Malama, na ce ki ɗaga."

Na sa hannu biyu na ɗaga kaɗan. Ya ce in ƙara, na ƙara, har ƙafafun teburin suka bar ƙasa da kusan taƙi guda. Ruwan kofin ya karkata ya taɓa baki. Farantan ba su motsa ba, ko cokali ɗaya bai zame ba, jiƙaƙƙen zanen ya riƙe su duka. Na girma a teburin nan, na ji labarin sau ɗari, na koyar da 'ya'yan mutane shekara talatin da biyar, amma ban taɓa tambayar mahaifina me ruwan yake yi ba. Baba ya dube ni ta saman tabaransa.

"Abin da na tashi nuna wa surukanki ke nan. Saura in ɗaga kika shigo da miya."

Na tsaya riƙe da tebur a karkace, hawaye yana zuba, ba hannun sharewa. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce in sauke a hankali kada in fasa masa kaya. Muka zauna mu uku, Hannatu ta zuba tuwo. Ya ɗauko labarin daga babbar motar Jos, bai tsallake komai ba, wannan karon kuma ya wuce tashar jiragen ruwa ya kai har ranar da ya ɗaga wa mota hannu. Tuwon ya huce, babu wanda ya kula. Da ya gama na tambaye shi ko yana jin haushina da na nuna masa bidiyon. Ya ce ya ji, ƙwarai kuwa. Ya ce amma da ya ga an kwashe teburan jirgin duka, sai ya tuna akwai sauran guda a Gombe.

Lahadi bakwai muka samu kafin Ubangiji ya kira shi. Bakwai, a madadin na shekara arba'in da na zubar da jimla ɗaya don in burge mutumin da ko sunan jikokinsa ban riƙe ba yanzu. Dauda da Bitrus, ku ba ku taɓa zama a teburin kakanku ba, ba ku taɓa jin muryarsa in ya kai wurin faɗuwar hula ba, kuma ba rawar hannu ce ta hana ku ba. Abin da na rubuta a nan shi ne iyakar abin da zan iya mayar muku, na kuma san bai kai ba.

Ban sani ba ko sun riga sun nutsar da jirgin, na hana Hannatu ta duba mini. Zanen da takardar suna cikin akwatin ƙarfe a ɗakina. In kun zo Kirsimeti ku zo da yaran duka, kada wanda ya bar nasa a gida. Ni zan yayyafa ruwan, ɗayanku ya kama gefe ya ɗaga.